Kafin Mu Ce a Koma Tsarin Firaminista

Wani malamin sakandare da ke koyarwa a nan Jos ya aiko mini da tambaya, na kuwa ga ya fi dacewa in amsa a fili, domin ba shi kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Baba Lauya, ɗalibaina sun tsare ni. Sun ji wasu 'yan majalisa na neman a mayar da Najeriya kan tsarin Firaminista irin na zamanin su Tafawa Ɓalewa. Kuma kullum ana ce mana sojoji ne suka rubuta kundin 1999, shi ya sa ba mu ga daidai ba. Shin in aka dawo da kundin 1963 matsalarmu ta ƙare? Me ma ya sa aka bar shi tun farko?"

Malam, na gode, Allah ya yi wa yaran nan albarka. Amsar tambayar farko a'a ce. Ta biyun ce mai tsawo, kuma a cikinta dalilin a'ar yake. Na shafe shekaru ina karanta kundayen nan, ina koyar da su, ina tsayawa da su a gaban alƙalai, abin da na fahimta kuwa shi ne ba a taɓa rubuta kundin tsarin mulki a ƙasar nan cikin kwanciyar rai ba. Kowane ɗaya mutanen da ke gudun wani abu ne suka rubuta shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka duk sashen da ya ɗaure maka kai, ka tambayi kanka wane maciji ne ya sari waɗanda suka rubuta shi.

Na Turawa na farko ba sa bukatar dogon bayani. Lugga ya haɗe Arewa da Kudu ranar 1 ga Janairun 1914. Tsarin Gwamna Clifford na 1922 ya kawo zaɓe, amma kujeru huɗu ne rak, uku na Legas, ɗaya na Kalaba, kuma majalisar ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ke yi mata da kansa. Na Richards na 1946 shi ya zaunar da 'yan Arewa da 'yan Kudu a majalisa ɗaya, ya kuma tabbatar da yankuna uku: Arewa, Yamma da Gabas.

Inda zance ya fara nauyi shi ne taron Ibadan na Janairun 1950. A nan wakilan Arewa suka kafe cewa sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, tun da sun fi yawan jama'a. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya faɗa ƙarara cewa in ba haka ba, a mayar da kowa inda yake kafin 1914, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya mara masa baya. Aka ba su. Kundin Macpherson na 1951 ya fito da Arewa tana da kujeru 68 cikin 136 na zaɓaɓɓu. Bai yi ƙarko ba. A ƙarshen Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya ce a cire shekarar, a ce da zarar hali ya yi. 'Yan Kudu suka fice daga majalisa, aka bi wakilan Arewa da ihu a titunan Legas, a watan Mayu kuma tarzoma ta ɓarke a Kano, aka yi asarar rayuka. A cikin wannan zafin ne majalisun Kaduna suka fitar da buƙatu takwas, waɗanda in ka duba su za ka ga kusan rabuwa suke nufi: kowane yanki ya riƙe harkokinsa, a bar wa tsakiya tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan.

Me Arewa ke tsoro? Tana da jama'a, ba ta da 'yan boko. Ta hango in Bature ya tafi a 1956, akawu da injiniya da babban sakatare duk daga Kudu za su fito. Kudu kuma tana tsoron yawan Arewa. Wannan tsoron juna shi ya haifi tarayya a kundin Lyttelton na 1954. Ina so ɗalibanka su riƙe wannan da kyau, domin yau idan aka ce a rage ƙarfin Abuja a mayar wa jihohi, da yawanmu muna ɗauka makirci ne aka shirya wa Arewa. Alhali iyayenmu ne suka fi kowa matsawa a kan haka, a lokacin da suka ga shi ne garkuwarsu.

Akwai tsoro na uku, wanda mu mazauna Jos ba mu da uzurin mantawa da shi. Ƙananan ƙabilu a kowane yanki suna fargabar babbar ƙabilar yankin. A Arewa, mutanen Filato da Binuwai da kudancin Zariya sun nemi a ba su yankinsu, jam'iyyar UMBC ta su Joseph Tarka ta ɗauki wannan kira. Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957, ya zagaya ya saurari koke-koke, ya ba da rahoto a 1958. Bai yarda a ƙirƙiri sababbin yankuna ba. Ya ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin kundi, a kuma ƙarfafa 'yan sandan tarayya. Daga nan babin haƙƙoƙi ya shigo, yana nan har yau a matsayin babi na huɗu. Sai dai takarda ba ta kwantar da hankalin masu kuka ba, an kuma ga haka a boren ƙasar Tibi na 1960 da na 1964.

Yanzu ga Jamhuriya ta Farko da ake kewa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ban ga laifin mai kewarta ba, domin an yi aiki: Jami'ar Ahmadu Bello, masaƙun Kaduna, Bankin Arewa. Amma a lura da abin da ya sa aikin ya yiwu. Kowane yanki yana da nasa kundin tsarin mulki, da Firimiyansa, da wakilinsa a Landan. Hukumar sayen amfanin gona ta yanki ce, ribar gyaɗa da auduga a Kaduna take kwana, ta koko a Ibadan. Kundin 1963 ya ce rabin kuɗin haya da la'adar ma'adinai na yankin da aka haƙo su ne. En'e tana da 'yan dokarta, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da baitulmali, tana karɓar haraji da jangali. Wato gwamnatin da ke kusa da mutum ita ke riƙe da kuɗi da sanda. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma ba ruwansa da ko shugaban tsakiya Firaminista ake kiransa ko Shugaban Ƙasa.

Kusancin nan kuwa yana da ɗacinsa. Kuzar da aka haƙa a Bukuru da Barikin Ladi, rabon yankinta Kaduna yake zuwa, ramukan kuma a nan aka bar su. Dattawan NEPU da suka rage za su ba ka labarin yadda ake amfani da 'yan doka da kotun alƙali a ɗaure ɗan adawa. Matan Arewa ba su da ƙuri'a a duk tsawon wannan jamhuriya, su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a gwagwarmayar neman ta, kuma sai a ƙarshen shekarun 1970 aka samu. Wanda ya ce a dawo da 1963 ya faɗi ko da waɗannan yake nufi.

Yadda ta rushe kuma darasi ne a kan shi kansa tsarin Firaminista. A majalisar wakilai mai kujeru 312, Arewa na da 174. Ma'ana jam'iyyar da ta share Arewa tana iya mulkin ƙasa ba tare da ta nemi ƙuri'a ko ɗaya a Kudu ba, kuma kowace babbar jam'iyya ta zama ta yanki. Shi ya sa ƙidayar 1962 da ta 1963 suka zama kamar yaƙi, domin adadin kawuna shi ne adadin kujeru. A Yamma, Awolowo da Akintola suka ɓata a 1962. Gwamnan yankin, Ooni na Ife, ya sauke Akintola daga kujerar Firimiya bisa takardar da mafi yawan 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an jefa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Aka yi dambe a majalisa, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tura Dokta Majekodunmi kantoma. Shari'a ta kai har kotun ƙarshe ta Landan, wadda ta ce saukewar ta halatta. Sai majalisar Yamma ta gyara kundinta ta mayar da gyaran baya domin hukuncin ya tashi a banza. Kundin 1963 ya zo ya rufe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa Landan gaba ɗaya.

Sai zaɓen Disambar 1964, wanda ɓangare guda ya ƙaurace wa. Shugaban Ƙasa Azikiwe ya ƙi kiran Firaminista Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Kwanaki ƙasa ta yi a tsaye, har aka kai ga tambayar wa sojoji za su yi wa biyayya tsakanin su biyun. Manyan alƙalai ne suka shiga tsakani aka sasanta a farkon Janairun 1965. Bayan shekara guda, ranar 15 ga Janairun 1966, aka kashe Firaminista da Sardauna da Akintola da manyan hafsoshi. Allah ya jiƙan su.

Abin da ya faru daga nan zuwa 1979 shi ne babban sauyin tsarin mulkin Najeriya, kuma ba a zauren wani taro aka yi shi ba. Soja bai san tarayya ba, umarni daga sama ya sani. Janar Ironsi ya gwada abin a fili da dokar soja mai lamba 34 ta Mayun 1966, wadda ta soke yankuna. Arewa ta ɗauke ta a matsayin tabbacin abin da take tsoro tun 1953, jini ya zuba, a ƙarshen Yuli aka kifar da shi. Gowon ya soke dokar. Amma abin da Ironsi ya kasa yi rana ɗaya, an yi shi a hankali cikin shekara goma. Ranar 27 ga Mayun 1967 aka yanka yankuna huɗu (har da Tsakiyar Yamma da aka ƙara a 1963) zuwa jihohi 12, aka samu Binuwai-Filato da hedikwata a Jos, Joseph Gomwalk na gwamna. Ga mutanen da Willink ya hana, wannan 'yanci ne. Ga tarayya kuwa, an mayar da manyan yankunan da ke iya ja da tsakiya zuwa ƙananan jihohin da ba za su iya ba. Aka haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan ƙasa, aka karɓe gidajen yarin En'e. Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa tarayya man. Kason yankin da ake haƙo arziki ya yi ta raguwa, daga kashi 50 ya sauko 20 a 1975, ya kai ɗaya da rabi a farkon shekarun 1980, kafin kundin 1999 ya ɗaga shi zuwa aƙalla 13. A 1975 tarayya ta karɓe jami'o'in yankuna. Kuɗin mai ya yi yawa, duk ta hannun tsakiya yake biyowa, jihohi suka daina dogaro da abin da mutanensu ke nomawa, suka koma jiran rabon wata.

Har kotu an nuna mata iyakarta. A shari'ar Lakanmi ta 1970 Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin cewa kundin 1963 yana sama da dokar soja. Cikin makonni gwamnati ta fitar da doka mai lamba 28 ta shafe hukuncin.

Da Janar Murtala ya ƙaddamar da kwamitin rubuta kundi a Oktoban 1975, mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams, ya nuna musu alƙibla tun ranar farko: shugaba mai cikakken iko wanda duk ƙasa ta zaɓa. Dubi kundin 1979 da idon abin da ya gabata, za ka ga kowane babban sashe magani ne na wani ciwo. Rikicin Azikiwe da Tafawa Ɓalewa ya koya musu ba a sarki biyu a gari ɗaya, sai suka haɗe muƙaman biyu. Jam'iyyun yanki sun kai ƙasa ga yaƙi, sai aka ce jam'iyya ta zama mai rassa a faɗin ƙasa, kuma ba wanda zai zama shugaba sai ya samu rinjaye tare da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Tsoron danniyar wani ɓangare ya haifi ƙa'idar raba muƙamai daidai tsakanin jihohi. Abin da 'yan doka suka yi ya haifi sashen da ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda in ba ta ƙasa ba. Ita kanta Abuja, da aka yanke shawarar gina ta a Fabrairun 1976, daga wannan tunanin ta fito: gari a tsakiya wanda ba a cikin gidan ɗaya daga manyan ƙabilu uku yake ba.

Ba kowa ya gamsu ba ko a lokacin. Dokta Yusufu Bala Usman da Dokta Segun Osoba sun ƙi sa hannu a rahoton kwamitin, suka rubuta nasu. A majalisar duba kundin ta 1977 zuwa 1978, ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya ya kai wakilai Musulmi da yawa ga ficewa na ɗan lokaci. Bayan an gama, sojoji suka ƙara nasu, har da dokar mallakar ƙasa ta 1978 da kuma dokar shirin matasa masu yi wa ƙasa hidima, suka kulle su cikin kundi.

Sabon maganin ma ya zo da nasa ciwon tun ranar farko. A zaɓen 1979 jihohi 19 ne, nawa ne kashi biyu bisa uku nasu? Shagari ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a jihohi 12, a Kano ya tsaya kusan kashi 20 cikin ɗari. Kotun Ƙoli ta karɓi lissafin sha biyu da biyu bisa uku, ta tabbatar da shi. A Kaduna, Balarabe Musa na PRP ya zama gwamna, majalisa kuma ta NPN ce. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, a Yunin 1981 ta tsige shi. A ƙarshen Disambar 1983 soja ya dawo.

Batun cewa sojoji suka rubuta kundin 1999, akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce. Gaskiya ne Janar Abdulsalami ne ya zartar da shi da dokar soja mai lamba 24 a farkon Mayun 1999, kuma kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi da ya tattara ra'ayoyi bai wuce watanni biyu yana aiki ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an gama duk zaɓuɓɓuka kafin kowa ya ga kundin. Da PDP ta yi babban taronta a nan Jos a Fabrairun 1999 ta tsayar da Obasanjo, wakilan ba su san takardar da ɗan takararsu zai rantse da ita ba. Kuma ya buɗe da cewa mu al'ummar Najeriya ne muka ba kanmu shi, alhali ba a tambaye mu a ƙuri'ar raba gardama ba. Amma in ka ajiye shi kusa da na 1979 za ka ga kusan kwafinsa ne, na 1979 kuwa lauyoyi da malamai da zaɓaɓɓun wakilai farar hula sun yi shekaru suna muhawara a kansa. Aibin 1999 na gaske shi ne ya gaji tarin ikon da soja ya tara a tsakiya, ya mayar da shi doka ta dindindin. Jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka ya fito da abu 68. A rabon asusun tarayya, tsakiya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60.

Akwai wurare biyu da mu a Jos muka ji kundin nan a jikinmu. Na farko kalmar ɗan asali. Sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta. Sashe na 41 da na 42 kuma sun ce ɗan ƙasa na da ikon zama ko'ina, ba a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Manufar farko ta kare ƙananan ƙabilu ce, ta biyu ta gina ƙasa ɗaya, kowacce da hujjarta, amma kundin bai faɗi yadda za su zauna tare ba, ya bar wa mai ba da takardar shaida a ƙaramar hukuma. Na taɓa zama da wani dattijo da aka haifa a garin nan, aka haifi ɗansa a nan, yaron ya ci jarrabawa, aka ce ya je ya samo takarda a garin da bai taɓa takawa ba. Na kuma san ɗan Berom ko Ngas da aka haifa a can cikin Arewa yana gamuwa da irin wannan ƙofa a rufe. Tsoron mai ganin za a mamaye ƙasar kakanninsa gaskiya ne, zafin wanda ake kira baƙo a inda aka binne cibiyarsa ma gaskiya ne. Mun binne mutane da yawa a kan wannan a 2001 da 2008 da bayansu, kuma sauya sunan shugaban ƙasa zuwa Firaminista ba zai taɓa shi ba ko kaɗan.

Na biyu dokar ta-ɓaci. Ranar 18 ga Mayun 2004 Shugaba Obasanjo ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye da majalisar jiha, ya naɗa Manjo Janar Chris Alli mai ritaya kantoma na wata shida. Sashe na 305 ya ba da ikon kafa dokar, amma bai ambaci dakatar da gwamna ba. A 2013 Shugaba Jonathan ya kafa ta a Borno da Yobe da Adamawa ya bar gwamnoni a kujerunsu. Sashe ɗaya, aiki iri biyu. Ka kwatanta da Yamma a 1962: a ƙarƙashin Firaminista aka yi, a ƙarƙashin Shugaban Ƙasa aka maimaita.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada tsakatsaki, irin na Faransa, shugaba da firaminista kowa da ikonsa. A 1995 'yan adawa suka ci majalisa, Shugaba Mahamane Ousmane ya zauna da Firaminista Hama Amadou, gwamnati ta tsaya cik, a Janairun 1996 Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki. A 2009 Tandja ya nemi tazarce, ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki, ya yi ƙuri'ar raba gardama, a Fabrairun 2010 soja ya ɗauke shi. Indiya kuwa tana kan tsarin Firaminista tun 1950, Amurka na kan na shugaba tun kundin da aka rubuta a 1787. Kowane tsari akwai inda ya zauna, akwai inda ya faɗi.

Ra'ayina a kan ƙudurin 'yan majalisar nan, ban raina shi ba. Hujjarsu ta tsada gaskiya ce. Neman shugabancin ƙasa a jihohi 36 sai mai dukiya ko wanda masu dukiya suka tsaya wa, kuma za su nemi a biya su. A tsarin Firaminista ministoci daga majalisa suke fitowa, suna amsa tambaya a gabanta, kuma ana iya sauke shugaban da ya gaza ba sai an jira shekara huɗu ba. Amma tsarin yana tsayawa ne a kan jam'iyyu masu aƙida da ladabi. A ƙasar da ɗan majalisa ke sauya sheƙa tsakanin la'asar da magariba, gwamnati za ta koma hannun duk wanda ya iya sayen kawuna 181 cikin 360. Sannan za mu yar da sharaɗin nan na kashi ɗaya bisa huɗu a jihohi 24, wanda shi ke tilasta wa ɗan takarar Kano ya je roƙo Inugu, na Legas ya zo Sakkwato. Wannan sharaɗi da jini aka saye shi, ba na son a yar da shi kafin a nuna mini abin da zai maye gurbinsa. Kuma Firaministan da zai zauna a Abuja da kashi 52 na asusu da rundunar 'yan sanda ɗaya tilo, ga majalisa a aljihunsa, zai iya fin shugaban yau ƙarfi.

Ka kuma nuna wa yaran cewa kundin nan yana motsi ba tare da bindiga ba, ko da yake da nauyi. Sashe na 9 ya ce gyara na bukatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24. Wannan nauyin ne ya taimaka ranar 16 ga Mayun 2006, da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran da zai ba Obasanjo damar neman wa'adi na uku. Rashin lafiyar Shugaba 'Yar'adua ya tona giɓi, majalisa ta ɗora Jonathan muƙaddashi a Fabrairun 2010 da hujjar larura, daga baya aka gyara sashe na 145 aka sa iyakar kwana 21. A 2018 matasa suka matsa aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. A Maris na 2023 aka ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa da wutar lantarki da gidajen gyaran hali, wanda a ganina ya fi duk wata muhawarar Firaminista taɓa ainihin ciwon. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Manyan tarukan Abuja kuwa, na Abacha na 1994 zuwa 1995, da na 2005, da na 2014 mai wakilai 492, rahotanninsu ba su zama doka ba. Amma shiyyoyi shida da karɓa-karɓa da aka tattauna a na Abacha sun shiga jinin siyasarmu, duk da babu su a kundin.

In kana son aikin aji, Malam, ka samo musu sashe na 140 na kundin 1963 da sashe na 162 na kundin 1999, masu magana kan rabon kuɗi, su karanta su gefe da gefe. Sannan ka raba su gida biyu a kan sashe na 214, batun 'yan sandan jiha. Rukuni ɗaya ya je ya tambayi dattijon da ya ga zamanin 'yan doka, ɗayan ya tambayi mutumin ƙauyen da aka kai wa hari da dare, agaji bai iso ba sai da gari ya waye. In sun dawo da abin da suka ji, ka sanar da ni ranar, zan zo in zauna a bayan aji in saurare su.